Gyaran Kofur Andrawus

Duk wanda ya san tashar motar bakin ruwa a Anacha ya san mutumin nan mai guntun kunne da ke tsayawa bakin ƙofa yana kiran fasinja. "Inugu! Inugu!" Iyakar abin da ke fita daga bakinsa ke nan tun safe har la'asar. Ka tambaye shi yaushe mota za ta tashi, ya ce in ta cika. Ka ce mutum nawa ya rage, ya nuna maka da yatsu. Baƙo sai ya ɗauka gaula ne, ko yaƙi ya taɓa masa kai. To ƙarya ne. Bakin nan da kuke gani a rufe, fiye da shekara goma shi ya riƙe rumfar barkono ta kasuwar Ose Okwodu, kuma da shi manyan ƙasar nan uku suka yi ta magana ba su sani ba.

Sunansa Andrawus, mutumin ƙasar Kagoro ne, can gindin duwatsu. Ya yi aji huɗu a makarantar mishan, aka kwashe su soja, aka kai su yaƙin Bama can ƙetaren teku, ya dawo da igiya biyu a hannun riga da rabin kunne. Shi ya sa kowa ke ce masa Kofur. Da aka sallame su ya ƙi komawa gida, wai me zai je ya yi, ya noma acca a kan dutse? Ya bi jirgin ƙasa ya sauka Inugu, ya yi aikin gadi ya gaji, ya gangaro Anacha da matarsa Martina da akwatin ƙarfe guda. Suka kama ɗaki a unguwar Fegge, tsakar gida ɗaya da Hausawa 'yan barkono.

Lokacin nan kullum sai an yi faɗa a rumfar. Hausawa su sauke buhunan busasshen barkono, matan Ibo su zo sari da kwano. Bahaushe ya auna, su ce ya danne kwano da babban yatsa. Su su auna, Bahaushe ya ce sun gina masa dala. Sai Alhaji Auta, shugaban 'yan barkono, ya yi dabara. Ya ce a nemo wanda ba Bakano ba, ba kuma ɗan Ibo ba, a ba shi awo. Ga Andrawus yana jin Hausa kamar ruwa, yana jin Turanci, Ibo ma ya fara tsinta. A gaban kowa Alhaji ya sauko da kwanon awo daga ƙusa, wani farin kwano mai shuɗin baki da ya ɗan ɓare, ya sa masa a hannu.

"Kofur, wannan ba kwano ba ne, amana ce. Ranar da aka daina yarda da kai, ka mayar da shi ƙusa da hannunka."

Kwanon nan shi ne gonar Andrawus, shi ne ofishinsa. Da shi ya ciyar da Martina, da shi ya sa 'yarsa Edith a makaranta. Kuma da shi ya samu abin da ya fi so, wato wurin zama a bencin 'yan barkono, a miƙo masa goro ba sai ya tambaya ba, a ce "namu ne" ko da yake ran Lahadi coci yake zuwa.

Hannunsa kuwa, kai! In ya cika kwano ya yi tozo, sai ya ɗebo 'yan ƙwayoyi da yatsu uku ya watsa a kai. Gyara ke nan. Matan Ibo ba sa iya faɗa, jara suke cewa. "Kofur, put jara now, you no fear God?" Ya yi dariya, ya ɗaga hannu sama kamar zai zube musu buhu, abin da zai sauko bai fi ƙwaya biyar ba. Mai saye ta tafi tana murna ta ci Bahaushe, mai kaya ya san ba a taɓa shi ba. Wannan ita ce baiwarsa, ya san daidai abin da za a ɗora wa mutum ya ji daɗi. Ita kuma ta kai shi ƙasa.

Bayan azahar kasuwa kan yi sanyi. A lokacin ana ta maganar Turawa za su tafi, kowa na son jin labari, jarida kuwa ta Turanci ce. Aka ce Kofur ya dinga karantawa yana fassara. Ranar farko ya yi tsakaninsa da Allah, abin da ke rubuce shi ya faɗa: an kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, tan kaza na gyaɗa, sashe na kaza na tsarin mulki. Kafin ya kai ƙasan shafi Hajo mai tuwo ta tashi wanke tukwane, Awwalu Indabawa, babban amininsa a rumfar, ya miƙe kan buhu yana minshari. Andrawus ya ji kunya kamar shi ya rubuta jaridar.

Washegari sai ya sa gyara.

"Jagoran Gabas ya yi wa Gwamna magana," ya ce, ya gyara zaman jaridar. "Ya ce baƙon da ya kwana sittin a gidanka, in ka ga ya fara gyara danga, ba taimako ba ne, gado yake nema."

Rumfa ta ɗauka. Hajo ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa. Babu wannan magana a jaridar, ko mai kama da ita. Ta kakarsa ce, wata tsohuwa mai taba gari a kan dutse da ba ta taɓa ganin Bature ba.

Daga ranar aka buɗe musun da ya ci shekaru: cikin manyan 'yan siyasar nan uku, na Arewa da na Gabas da na Yamma, wa ya fi kai? Awwalu na bayan na Arewa ko da me aka zo. Hajo ta riƙe na Gabas. 'Yan dako kuma suka ɗauki na Yamma, don kawai a samu abin faɗa.

"Naku Turanci ne kawai ya cika masa ciki," in ji Awwalu. "Gangar da ta fi ƙara ita ce ba komai a cikinta."

"Kai rufe mana baki, ɗan Indabawa," in ji Hajo. "Kai da ko sunanka aka rubuta a buhu sai ka juya shi ƙasa, kai ne za ka auna mai digiri? Kofur, maimaita masa ta jiya."

"Ta jiya ta wuce, Hajo. Yau na Arewa ya ba shi amsa."

"Yauwa! Karanto, Kofur, Allah ya ja kwana."

"Ya ce mai gudu ya riga isa rafi, amma mai tafiya sannu shi ya zo da tulu."

Awwalu ya cire hula ya buga a cinya. "Kun ji ko? Wannan shi ne kai! Hajo, a zubo wa Kofur tuwo, miya ta yi iyo."

Andrawus dai adali ne ko a ƙarya. Litinin na Arewa ya ci, Laraba na Gabas ya rama, Juma'a na Yamma ya zo ya kwashe su duka da magana ɗaya. Bai taɓa barin ɗaya ya tsere wa sauran ba, don ya san ranar da musu ya ƙare, ranar za a koma minshari. Yana tafe hanyar Fegge yana ƙirƙira, yana wanka yana ƙirƙira. Abin har ya fara shiga kansa. In ya ji 'yan dako na maimaita maganarsa a bakin ruwa suna cewa na Yamma ne ya faɗa, sai ya ji wani daɗi da wani ɗaci tare, kamar goron da bai nuna ba.

Martina ta sani, ba ta kuma so. "Baban Edith, barkono in ka yi gyara ana gani. Wannan naka ba wanda ke gani, shi ya sa nake tsoronsa."

Mutum na biyu da ya gano shi ne Awwalu. Wata Asabar akuyar Martina ta tsinke igiya, amma ba ta je ko'ina ba, ta tsaya gindin turke. Andrawus ya ce akuyar da ta saba da igiya ko an kwance ta turke take gadi. Awwalu na tsakar gidan yana alwala, ya ji. Ran Juma'a sai ga na Yamma ya faɗi maganar sak a kan masu tsoron mulkin kai. Awwalu ya bari aka watse, ya jawo shi bayan buhuna.

"Kofur, ashe na Yamma ya san akuyar Martina?"

Andrawus ya ga ba mafita. Ya faɗa masa gaskiya duka. Ya zaci ranar kwano zai koma ƙusa. Sai Awwalu ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Shege Kofur! To ni bakina alekum. Ni da kai kabari ɗaya. Abu guda, ka dinga ɗan ƙara wa namu, ko ƙwaya biyu ce."

Suka tafa. Tun daga ranar Awwalu ya zama abokin sirri, wani lokaci ma shi ke kawo karin magana ya ce a sa a bakin na Arewa. Andrawus ya ɗauka ya yi ɗan'uwa. Ranar da Edith ta yi ƙyanda Awwalu ne ya goya ta zuwa asibiti, wannan ba za a ɓoye ba. Mugu ma yana da ranar kirki, shi ya sa ake faɗawa tarkonsa.

Ana saura kaɗan a samu mulkin kai sai ga sanarwa daga ofishin kasuwa. An gina sababbin shaguna na siminti can sama, duk mai so ya je ya rubuta suna kafin ƙarshen wata. Amma wanda ya rubuta ya yarda ke nan ya bar bakin ruwa. Bakin ruwa kuwa nan ne rai, nan jirgi ke tsayawa, nan mota ke sauke kaya a bakin rumfa. Ga kuma raɗe-raɗin za a rushe rumfar a yi tashar mota. In suka rubuta, sun saki wuri mai kyau da hannunsu. In suka ƙi aka rushe, sun tashi a tutar babu. Alhaji Auta ya rasa wanne zai zaɓa.

Daidai nan zaɓen majalisar gari ya zo. Wani lauya ɗan gari, mai alamar kwale-kwale, ya shigo rumfa neman ƙuri'a, da kwat da sanda da hankici a hanci saboda barkono. Aka shimfiɗa masa darduma a kan buhu. Mutane suka cika maƙil har waje. Aka tsayar da Andrawus tafinta, Awwalu ya matso ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi.

Alhaji Auta ya yi gaisuwa doguwa irin ta manya, sannan ya ce, "Kofur, tambaye shi abu ɗaya. In mun jefa masa, rumfar nan tana nan ko babu?"

Lauya ya yi atishawa, ya zubo Turanci kamar an kwance famfo. Andrawus ya kasa kunnensa ɗaya da rabi yana tacewa. Duk tulin nan kalma ɗaya ce a ciki: konsida. Zai yi konsida. Andrawus ya san kalmar nan tun soja. In ka nemi hutu kyaftin ya ce zai yi konsida, ka kwance jakarka kawai. Ma'anarta za a duba, za a duba kuwa kowa ya san ƙanwar babu ce.

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga idanu. Tsofaffi sun miƙo wuya, Hajo ta dafe ƙirji. Shekara goma bai taɓa miƙa musu kwano ba tozo ba. Yana cikin wannan sai ya ji nauyi a ƙafarsa. Awwalu ne ya taka shi, ya danna, ya raɗa masa ba tare da ya motsa leɓe ba, "Sa gyara."

Kuma ga wata magana mai kyau ta riga ta zo masa kan harshe, irin wadda ba a samu kullum.

"Ya ce muddin kogin Kwara na gudu gaban rumfar nan, rumfar na nan. Sai ranar da kogi ya juya ya nufi Arewa."

Wallahi sai da kwanon rufi ya amsa. Lauya kansa ya yi mamaki, ya ɗaga sanda yana washe baki, bai san me ya faɗa ba. Wani ɗan dako ya ce wannan ai ya fi manyan uku kai in an haɗa su. Nan take Alhaji Auta ya yanke: kada wanda ya kuskura ya rubuta suna a shagon siminti, wanda ya rubuta ya ci amanar 'yan'uwa.

Tun kafin su isa Fegge Andrawus ya tsayar da amininsa a hanya. "Awwalu, mutumin nan fa bai yi alkawari ba. Mu je mu gaya wa Alhaji."

"Haba Kofur, ka san zan kai ka rami? Na gana da shi a keɓe, ya rantse min. A gaban jama'a ne ba ya son ɗaure kansa, ka san lauyoyi. Kuma in ka ce wannan gyara ce, za su ce sauran fa? Kana son kwano ya koma ƙusa?"

Martina da ta ji ba ta yi wata-wata ba. Ta ce ya tashi ya je yanzu, kafin wata ya ƙare. Ya je ɗin. Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida cikin baƙi daga Fatakwal, yana ba su labari, yana cewa "sai ranar da kogi ya juya," yana dariya har haƙorinsa na zinariya na walƙiya. Ya hango Andrawus ya ce, "Ga shi nan, ga bakinmu! Kofur, lafiya?" Andrawus ya durƙusa ya ce lafiya lau, gaisuwa ya kawo. Ya karɓi goro ya dawo. A nan ya yi laifinsa na gaske, kuma ya sani.

Ranar zaɓe Hajo ta ci ado kamar mai zuwa suna. Ta ce 'yan'uwanta mata a Kano ko tambayarsu ba a yi, ita ga ta da takarda a hannu. Ta shiga bayan labule ta nemi akwati mai kwale-kwale ta cusa, ta fito tana taku ɗai-ɗai. Lauya ya ci. Wata ya ƙare, aka rufe rubuta suna. Mulkin kai ya zo, aka raba wa yara tuta, Andrawus ya sa wa manyan uku gyaran da bai taɓa yi ba, kowa ya ci a rana ɗaya. Wata biyar shiru, har ya fara cewa ko Awwalu gaskiya ya faɗa.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar awo, sai ga leburori da guduma da 'yan sanda biyu da takarda. Kwana uku aka ba su. A rana ta huɗu aka ɗaye kwanon rufi, buhuna na waje, ga hadari ya haɗo. Barkono ya sha ruwa. Duk wanda ya san busasshen barkono ya san abin da ake nufi.

Suka ɗunguma ofishin Lauya. Wannan karon ba a bar Andrawus ya yi tafinta ba, magatakardan Lauya ya taɓa zama a Jos, yana jin Hausa. Lauya ya saurara, ya ce shi bai taɓa maganar kogi ba, shi ba masunci ba ne. Ya ce zai duba, kuma ya duba. Sannan magatakarda ya buɗe littafi ya ce ai ba duka aka rasa ba, akwai Bahaushe ɗaya mai hankali da ya rubuta suna tun mako na farko, shago uku. Awwalu Indabawa. Sai ƙaninsa. Sai wani Malam Indabawa Babba.

Uban Awwalu ke nan, wanda ya shekara tara a kabari.

To a nan ne za ku san wa ya fi kai a Anacha. Da aka taru ƙofar gidan Alhaji Auta, kowa ya zaci Awwalu za a ci. Bai bari an fara ba. Ya miƙe, ya cire hula, ya sa kuka. Ya ce shi ya rubuta suna ne don ya daɗe da sanin bakin Kofur ba abin yarda ba ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya kwashe komai ya zazzage: jarida, kakar kan dutse, akuyar Martina, Litinin da Laraba da Juma'a.

"Shekara goma yana mai da mu yara! Ba wani na Arewa, ba na Gabas, duk shi ne. Mu muka ɗauki amana muka ba ɗan mishan. Wa ya san abin da Lauya ya damƙa masa?"

Ɗan mishan. Mutumin da suka ci kwano ɗaya fiye da shekara goma. Andrawus ya ji kalmar ta shige shi ta guntun kunnen nan. Ya duba fuskoki yana neman ko ɗaya da zai ce a'a, namu ne. Kowa ya sunkuyar da kai ko ya zare ido. Ashe haushin rumfa kaɗan ne, babban haushin shi ne an gane sun shekara goma suna zagin juna a kan maganar wata tsohuwa mai taba gari.

"Kofur," in ji Alhaji Auta, "maganar kogi, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba, ranka ya daɗe. Ni na ɗora."

"Don me?"

Andrawus ya juya ya dubi amininsa. "Awwalu, kai ka taka min ƙafa."

Awwalu ya share hawaye da bakin riga. "Cunkoso ne, Kofur. Ranar ai kowa ya taka kowa."

Ba wanda ya yi dariya. Ba kuma wanda ya sake tambayar yadda mamaci ya samu shago. Yaya za a tambaya? Duk mai son ya ajiye buhu a inuwa yanzu sai ya bi ta hannun Awwalu.

Babu rumfa balle ƙusa. Andrawus ya ciro kwanon daga jakarsa, ya goge shi da hannun riga ciki da waje, ya ajiye a gaban Alhaji a kan tabarma. Alhaji bai dube shi ba. Da ya isa gida Martina ba ta ce na gaya maka ba. Ta zuba masa abinci, ta zauna ta kalle shi har ya ci.

Abin takaicin ma na gaba. 'Yan barkono suka watse, wasu suka raɓe a shagunan Awwalu, wasu suka koma Inugu. Waɗanda suka rage suka samu wani malamin makaranta Bazazzagi yana karanta musu jarida kalma da kalma. Mako biyu suka jure. Yanzu in ka zauna da su sai su ce maka tun da Turawa suka tafi kawunan manya suka zube, da can kam akwai masu magana. Alhaji Auta da bakinsa, in zai yi wa yara faɗa, sai ya ce, "Kamar yadda na Arewa ya ce, mai tafiya sannu shi ya zo da tulu." Ya san ta wa ce. Ya fi masa sauƙi ya bar ta a bakin babban mutum.

Andrawus ya nemi aiki a tashar da aka yi a kan rumfar. Inda yake tsayawa yanzu, daidai nan bencin yake. Hajo ma ta dawo da tukwanenta gefen tashar. Wata shida ba ta yi masa magana ba. Rannan kawai ta turo masa kwanon tuwo da ƙafa ta ce, "Ci, munafuki, kafin ka faɗi ka tare mana hanya."

Bana da rani sai ga Awwalu, ya yi ƙiba, da babbar riga da agogo, da sabon kwano fari fes a hannu. Matan Ibo sun gudu daga shagunansa, sun ce yaransa ba su iya awo ba, Kofur suke so.

"Kofur, abin da ya wuce ya wuce. Ni da kai ai ba ta ɓaci. Ga kwano, gobe ka fara."

Andrawus ya karɓa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da farce, ya auna zurfinsa da yatsu. Kwano mai kyau. Yatsun nan uku har sun fara haɗuwa da kansu. Ya tuna Edith an kore ta daga makaranta sau biyu bana saboda rashin biyan kuɗi, ya tuna benci da goro. Hajo ta tsayar da tuƙi tana kallo.

"A wane shagon zan zauna?" ya ce. "Naka, ko na ƙaninka, ko na Malam Babba? Don in nasa ne sai in fara zuwa maƙabarta mu yi ciniki."

'Yan kamasho suka fashe da dariya. Andrawus ya kife kwanon, ya ɗora shi a hankali kan takalmin Awwalu, daidai ƙafar dama. Awwalu ya sunkuya ya ɗauki abinsa, ya bi ta bayan motoci.

Hajo ta yi tsaki. "Ka ƙi abinci saboda zuciya, Martina za ta dafa zuciyar. To ni dai gaya min abu ɗaya, tsakaninka da Allah, ba gyara. Na ɓata bakina shekara goma. Cikin ukun nan wa ya fi kai?"

"Ban sani ba, Hajo. Ban san su ba. Nawa ne na raba musu uku."

"To ai ka raba da yawa, ba ka rage wa kanka ba."

Direba ya buga ƙofar mota, saura mutum biyu. Andrawus ya juya ya fuskanci titi, ya ɗaga yatsu biyu.

"Inugu! Inugu!"